Rabin Bidiyon Bikin Klaudiya

Gyang yana tsakar gida yana haɗa kujerun robar da aka aro don bikin 'yarsa Klaudiya, sai matarsa Ana ta fito da waya a hannu, ɗankwalinta ya zame ba ta ma sani ba.

"Baban Klaudiya, bar kujerun nan. Yara sun kewaye teburin Datti."

Datti mahauci ne, mutumin unguwar Gangare, kuma shi kaɗai ne Bahaushen da ya rage yana sayar da nama a 'yar kasuwar Kabong tun da rikice-rikice suka raba wa mutanen Jos unguwanni. Ubansa da uban Gyang rami ɗaya suka haƙi kuza. Duk wani sha'ani da ya tashi a gidan Gyang, Kirsimeti ne ko aure, Datti ake kira ya yi yanka, domin baƙi Musulmi su ci nama hankali kwance.

Sai dai mutanen nan biyu ba su taɓa koyon gaisuwa irin ta masu hankali ba. Tun suna yara, in sun haɗu, da zagi suke buɗe baki. Wannan ya taɓa kakannin wancan, wancan ya rama har da ƙari, sannan su tafa su tambayi lafiyar iyali. Baƙo in ya ji su sai ya fara neman hanyar gudu. Su kuwa ranar da ɗaya bai zagi ɗaya ba, to ba shi da lafiya.

Ranar bikin, mai gabatarwa ya miƙa wa Datti lasifika ya sa wa amarya albarka. Da ya sa albarkar ya zauna da an huta. Ina! Tsoho ya ga abokinsa cikin babbar riga yana fankama, bakinsa ya yi masa ƙaiƙayi.

Matar Gyang ta kunna masa bidiyon da ke yawo a waya tun safe. Ga Datti nan, hula a karkace, yana cewa, "Ku arnan kan dutse, da ba mu zo mun koya muku sa wando ba, da har yau ganye kuke ɗaurawa. Yau dai na cece ku daga naman kare!" Daga nan bidiyon ya yanke. Babu dariyar da aka yi, babu rungumar da ta biyo baya. A ƙasa an rubuta cewa ga abin da mai sayar mana da nama yake faɗa a kanmu.

Gyang ya ajiye kujerar da ke hannunsa. Ya san garinsa. Ya ga an ƙone layi guda a kan abin da bai kai wannan ba.

"Ina cikakken? Wanda mai hoto ya turo miki?"

"Yana nan." Ta ƙanƙame wayar a ƙirjinta. "Amma ka tuna abin da kai ma ka ce masa? In wannan ya fita, su na Gangare ba su da waya ne? Ta can kake bi kullum. Klaudiya kuma unguwar Congo-Russia aka kai ta, maƙwabtanta duk su ne."

Ya tuna sarai. Ya karɓi wayar ya jefa a aljihu, yana gaya wa kansa ba sai an kai ga kunnawa ba. Ai shi dattijo ne, yaran nan a gabansa aka haife su.

Tun daga bakin layi ya hango taron. Mata masu tumatir sun kwashe kayansu, shaguna sun ja ƙofa rabi. Samari sun yi wa teburin naman zobe, wasu da gora, wasu da duwatsu a hannu. Ba a ihu sosai, kuma wannan ne ya fi tayar masa da hankali.

Datti na zaune a kan bencinsa, ya ɗora tafukansa biyu a kan gwiwa inda kowa zai gan su. Wuƙaƙensa na kan tebur kusa da cinyar saniya, taku ɗaya tsakaninsu. Ƙudaje sun rufe naman, amma bai ɗaga hannu ya kore su ba, don ya san yadda za a fassara duk motsin da hannun mahauci ya yi a irin wannan lokaci. Gyang bai taɓa ganin abokinsa ya tsufa haka ba.

A gaban taron, da katako a hannu, Alexander ne, ɗan ƙanen Gyang, mai kiransa Da Gyang, wato Baba Gyang a yarensu.

"Alexander, ajiye wannan abu."

"Da Gyang, ka koma gida. Wannan ba maganar tsofaffi ba ne."

"Kai ka yaɗa bidiyon?"

"Yadda aka turo mini haka na tura. Ni na sa masa magana a baki? Shi yana da 'yanci ya zage mu a bikin gidanmu, ni ba ni da 'yanci in nuna wa mutane, abi?"

"Wasa ne tsakanina da shi. Tun ba a haifi ubanka ba muke yinsa."

"Wasa?" in ji wani daga baya. "Kakarka ce ta ɗaura ganye ko tamu?"

"An saye tsoho da hanta da ƙoda!" wani ya ƙara.

Dutse ya taso daga tsakiyar taron ya daki kwanon rumfar. Datti ya runtse ido, hannuwansa ba su bar gwiwa ba. Zoben ya ƙara matsewa. Wani yaro mai jar riga ya fara zagayawa ta bayan tebur, wajen da wuƙaƙen suke.

Gyang ya ga furfurarsa ba za ta yi masa aiki ba yau. Gaba kura baya sayaki: in ya yi shiru a kashe masa aboki a gabansa, in ya kunna ya saki abin da ba zai iya kamowa ba. Tsoro ya kama shi ƙwarai, na Datti da na 'yarsa da na kansa. Ya ratsa zuwa kes ɗin Uche mai cajin waya, wanda ke da ƙatuwar sifika da yake sa waƙoƙi.

"Uche, haɗa mini wannan. Ƙure murya."

Muryar Datti ta cika kasuwar, kalma bayan kalma, har zuwa naman kare. Taron ya yi gurnani. Sai aka ji dariyar 'yan biki, aka ji ƙarar fizge lasifika, sannan muryar Gyang kansa ta fito, cike da nishaɗi:

"Ku ji mini baƙo! Kakanka ya zo haƙar kuza da ɗan buhunsa, muka ba shi aron wurin shimfiɗa tabarma, ya manta hanyar gida. Kuza ta ƙare, malam. Naɗe tabarmarka ka koma Kano, masu ƙasa na son wurinsu!"

Bayan wannan akwai inda suka rungume juna, Datti yana share hawayen dariya yana cewa duk duniya ba shi da ɗan'uwa kamar wannan. Gyang ya ɗaga hannu don a saurari wurin. Babu wanda ya ji shi, domin kasuwar ta riga ta kece da sowa.

"Da Gyang! Namiji!"

"Ashe tsoho ya ba shi amsa!"

"Masu ƙasa na son wurinsu!"

Suka yi ta maimaitawa suna buga gora a ƙasa. Mai jar riga ya bar wuƙaƙen ya zo yana ɗaga hannun Gyang sama kamar wanda ya ci dambe. Gyang yana cewa, "Ku tsaya, ku ji ƙarshen, wasa ne," amma muryarsa ta nutse. Ko'ina ya duba wayoyi ne a sama, an saita su a kan fuskarsa da sifikar Uche.

Alexander ya jefar da katakon, yana murmushi har kunne. "Da, ai da ka faɗa tun farko ka rama mana. Shi ke nan, an yi daidai." Ya juya ga Datti. "Malam, ka ji dai. Ka riƙa sanin a ƙasar wa kake."

A hankali taron ya watse, ana tafe ana rera maganar kamar waƙa. Masu tumatir suka fara dawo da tirensu.

Gyang ya zare wayar, ya ja ƙafa zuwa rumfar. An tsira, amma bai ji daɗin komai ba, kunya ce kawai ta lulluɓe shi. Datti ya miƙe da ƙyar. Ya ɗauki wuƙaƙen ɗaya bayan ɗaya yana naɗewa a tsumma, sai ɗaya ta suɓuce ta faɗi. Gyang ya sunkuya ya ɗauko masa.

"Datti, ka san ba haka nake nufi ba."

"Na sani. Ni ma ba haka nake nufi ba." Ya ɗaure tsumman. "Shekara da shekaru kana ce mini in koma Kano, ban taɓa jin komai ba sai daɗi. Yau da na ji a bakin yaran nan, sai na tsaya ina tunanin wa na sani a Kano. Ba ni da kowa, Gyang. Ubana da kakana duk a nan aka binne su."



Wayar Datti ta yi ƙara a aljihu. Ya duba, ya kashe. Ta sake yi, wannan karon saƙo ne, ya karanta. Ya ja leda ya rufe naman da bai sayar ba, ya saɓa tsumman wuƙaƙen a kafaɗa.

"Ɗana ne. Bidiyon har ya isa Gangare, kuma rabin da kake magana kaɗai." Ya dubi abokinsa. "Kira Klaudiya ka ce su kulle ƙofa. Kai ma koma gida, kada ka fito. Bari in yi sauri in je in tsaya maka."