Jar Mota Mai Lamba Tara

Wata uku mai gyaran agogo ya kwashe yana harhaɗa 'yar motar tsere ta roba da gam da hantsaki. Ya shafa mata jan fenti, ya manna lamba tara, sak motar da ɗansa ya mutu a ciki.

Ranar da fentin ya bushe, ya ɗauko guduma ya rotsa gefen hagu, ya fizge taya, ya babbake injin da ashana har robar ta ɗige masa a yatsa.

"Malam, lafiyarka kuwa?" in ji matarsa.

"Haka na tarar da ita a filin tseren."

Sai ya zaro ɗan direban roba, ko ƙwarzane babu, ya ɗora mata a tafin hannu.