Ranar da Inna Lami ta zauna kan maƙera

Duk amalanken da ka gani jaki na ja a Maijirgi, da wuya bai bi ta hannun Na Allah ba. Rumfarsa tana bakin hanya, shi da ma'aikatansa biyu, Umaru da Bashir. Aiki kam akwai shi, sai dai ba injin walda. Ko ƙaramin ƙarfe ne ya karye sai an kai shi Tasawa, ɗan abin da za a samu ya ƙare a hanya. Shi ya sa Bashir ya ɗaure jakarsa, ya ce bayan kaka zai bi 'yan haƙar zinariya zuwa arewa. Bashir kuwa shi ne autan Inna Lami, yayar Na Allah, kuma tun da ta ji maganar nan ba ta ƙara cin tuwo da daɗi ba.

Ana nan sai gwamnati ta fito da wani shiri na masu ƙananan sana'o'i: wanda aka zo aka gani da ido yana aiki, yana kuma riƙe da ma'aikata, za a ba shi kayan aiki. Na Allah ya kai sunansa meri, ofishin magajin gari, ya nemi injin walda mai aiki da hasken rana. Da yake mutum ne mai tsoron baki, bai gaya wa kowa ba, ko matarsa. Wannan zurfin ciki nasa shi ya kusa kashe shi.

Ranar da ya tafi Tasawa sayen tayun amalanke, ranar jami'in shirin ya zo. Sunansa Abdulaziz, saurayi ne mai tabarau, ga jaka a rataye, irin ma'aikatan gwamnatin nan da muke ce wa mushe. Ya tsayar da moto, wato babur ɗinsa, bakin kasuwa yana tambayar rumfar Na Allah. Mu kuwa mutanen nan, tun kakanni abu ɗaya muka sani game da baƙo mai jaka da ke tambayar rumfar mutum: patanti ne, harajin sana'a. Sai aka nuna masa hanyar da ta zaga ta bayan makabarta, aka ruga aka gaya wa Inna Lami.

Ban taɓa ganin haɗin kai irin na ranar ba. Kafin baƙo ya gama zagayensa an kwashe guduma, an jefa zugazugi cikin rumbu, tayu sun haura katanga. Uwar maƙera ce kaɗai ta gagara ɗauka. Inna Lami ta dube ta, ta baza zane, ta zauna a kanta daram.

"Inna, ina wuni? Nan ne wurin aikin Na Allah?" in ji Abdulaziz.

"Aiki? Wane aiki, ɗana? Ƙanena ne, ni na goye shi. Tun da aka haihe shi bai taɓa ɗaga ko allura ba."

"To waɗannan samarin fa?"

"Zaman banza suke, mushe. Inuwa suka biyo."

Umaru, don ya ƙara wa maganar gishiri, ya miƙe a ƙasa ya fara minshari. Wani dattijo maƙwabci ya matso ya ba da shaida cewa duk unguwar ba malalaci kamar Na Allah, su ke ciyar da shi don zumunci. Har ya share ido.

Daidai nan Na Allah ya sauka daga kabu-kabu, taya biyu rataye a wuya. Ya ga rumfa fayau, ya ga jami'i yana shirin tada moto. Nan take ya gane, ya yar da tayun ya sha gabansa.

"Mushe, tsaya don Allah! Ni ne Na Allah! Maƙeri ne ni!"

"Rufa mamu baki, sakarai," in ji Inna Lami. "Mushe, kada ka biye mishi. Rana ce ta buge shi."

Abdulaziz ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce wannan ne gari na uku da ya shiga ya tarar ba mai sana'a ko ɗaya. Shi ba haraji ya zo karɓa ba, inji ya zo dubawa a ba wa wanda ya cancanta, amma doka ta ce sai ya ga wurin aiki da idonsa. Abin da ya gani kuwa tsohuwa ce da mai barci.

"Yaya, tashi," in ji Na Allah.

"Ƙahwata ke ciwo. Dabara ce irin tasu, in na tashi su rubuta ka."

Ya roƙa, maƙwabta da suka fara jin kunya suka roƙa, ta ƙi. Wallahi na tausaya masa, mutum yana kallon arzikinsa zai hau moto ya tafi.

Sai Bashir ya durƙusa gabanta. Bai ɗaga murya ba.

"Inna, zauna abinki. In babu injin nan, jakata tana ɗaure. Gobe ma akwai mota."

Inna Lami ta dubi autanta, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta dafa gwiwa ta miƙe, ta yaye zanen, uwar maƙera ta bayyana da shatin zamanta a kai. Ta juya kan maƙwabta.

"Ku kuma mi kuke kallo? Ku hiddo ma mutane da kayansu, maƙaryata!"

Ta shuri Umaru ya tashi, ta ɗauko guduma da kanta ta danƙa wa Bashir.

"Buga, mushe ya gani. In ma harajin ne, ni zan biya."