Ɗakin Takabar Luba

Idon kowa a rufe yake sa'ad da Manniru ya zame daga kan benci, shi ya sa ba wanda ya tare shi. Yarinyar da ke jagorantar taron ce ta ce mu rufe ido, mu ja numfashi, mu sake shi a hankali, kowa ya tuno wurin da hankalinsa ke kwanciya. Har ni, da na zo don in yi musu dariya, na rufe nawa. Ƙarar bencin ce ta buɗe mana su.

Zuhra sunan yarinyar, ɗalibar jami'a mai karatun halayyar ɗan Adam. Wata ƙungiya ce ta turo ta unguwarmu a bayan Orozo, bayan masu rusau sun bi gidajenmu da jan fenti. Aikinta, a cewarsu, ta koya mana yadda ake jure damuwa. Na daɗe ina koyar da tarihi kafin in yi ritaya, kuma ban taɓa karanta inda aka koya wa mai tuƙa katafila jure komai ba. Kullum wanda za a taka ake koya wa.

Manniru maƙwabcina ne, katanga ɗaya muke. Bakatsine, mai sayar da kifi. An taɓa rushe masa rumfa wajen Kado, aka rushe ɗakin da yake haya a Karu, ya tattara abin da ya rage ya sayi ɗan fili a nan ya gina ɗaki da falo. Tun da matata Fiddausi ta rasu, matarsa Luba ke miƙo min kwanon tuwo ta saman katangar.

A asibiti suka ce hawan jini ne, ɓarin jikinsa ya shanye, a kai shi gida a yi ta addu'a. Muka kai shi. Bakinsa ya karkace, amma in ka sunkuya kana jin maganarsa.

"Malam Hadi," ya ce, "Luba fa?"

"Tana madafa."

"Takaba nake nufi. A ina za ta yi?"

"Wa ya ce maka mutuwa za ka yi?"

"Kai ma ka koyi ƙaryar mutanen Abuja?" Ya huta. "Mace a ɗakin mijinta take takaba. Ba mu da ɗa, ba mu da kowa a nan. Gidanmu na Katsina an raba tun tuni. Ka je ka roƙe su, kai ka iya Turanci. Ba na cewa a bar gidan. Ta gama kawai."

Washegari Zuhra ta zo dubiya da lemo a leda. Na tare ta a ƙofa.

"Kin zo koya masa numfashi? Yau kam yana bukata."

Ta sunkuyar da kai. "Baba, wallahi na faɗa wa 'yan ƙungiyarmu. Na ce ba a kan mutanen nan ciwon yake ba. An yanke hukunci a kan rayuwarsu ba tare da an tambaye su ba, shi ne ciwon. Suka ce masu ba mu tallafi ba sa son siyasa, in bar wannan maganar."

"Kika bari?"

"Na bari."

"To ai kin ci jarrabawa."

Ba ta yi fushi ba, abin da ya ba ni haushi ke nan. Da ta ji saƙon Manniru sai ta ce za ta raka ni.

Muka yini a kan kujerun ofishin masu rusau kafin a shigar da mu wurin ogan, wani Alhaji Rilwanu, mai fara'a, da carbi a kan tebur.

"Malam, ai mun yi mitin da al'umma," ya ce. "Sun amince."

"Wace al'ummar?"

"Masu takardar fili."

"Masu takardar ba su taɓa kwana a unguwar ba. Ko hanyarta ba su sani ba sai direba ya nuna musu."

Zuhra ta sa baki. "Ranka ya daɗe, in ku kuke zaɓar wanda za a kira al'umma, ai kullum za ta amince muku."

Ya yi dariya. "Madam, wannan na aji ne. Ki ajiye wa malamanki." Ya juyo gare ni. "Me mutumin yake so?"

Na faɗa masa. Na tsufa ban taɓa cire wa wani hula ba, ranar na cire. Na ce ɗaki ɗaya ne, a tsallake shi, watanni kaɗan ne.

Ya girgiza kai cikin tausayi. "Allah sarki. Na san takaba, mahaifiyata ta yi. Amma ka kwantar da hankalinsa, Malam. Malamai sun ce in akwai lalura, kamar gida zai rushe, mace tana iya tashi, babu laifi a kanta."

"Alhaji, ku ne lalurar."

"Sai haƙuri," ya ce, ya miƙa hannu ga waya.

Da muka dawo Manniru ya bi fuskata da ido.

"Sun ce za su duba," na ce.

"Haka suka ce a Karu."

Ya juya ga Luba, wadda ke zaune a gefen katifa tana masa fifita.

"Ki yafe min. Ɗakin ma na kasa bar miki."

"Kai dai ka sha kunun nan," ta ce. "Ɗaki ina ciki."

Bai sha ba. Da hantsi washegari, masu ruwa suna ta wucewa da kurarsu a layi, na ji Luba ta ƙwanƙwasa katanga da ludayi. Ba ta yi kururuwa ba. Muka wanke shi a falonsa, muka kai shi kafin azahar.

Katafila ta zo tun ba a daina zuwa gaisuwa ba. Luba ta ƙi fita. 'Yan sanda mata biyu suka ɗauko ta, ɗaya tana cewa, "Mama, yi haƙuri, aiki ne." Zuhra ta tsaya gaban motar tana ihu da Turanci, aka janye ta gefe kamar an kawar da kujera. Nawa gidan ma ya bi. Na zuba littattafaina a buhunan shinkafa, na koma barandar masallaci, wanda aka ce rushe shi sai zagaye na biyu.

Matan unguwa suka yi ta roƙon Luba ta bi su Karshi, inda za su koma. Liman ma ya zo ya maimaita mata fatawar Alhaji Rilwanu, da kyakkyawar niyya. Ta saurare shi har ƙarshe, ta yi masa godiya. Da la'asar ta ari tsintsiya, ta kwashe ɓaraguzan da ke kan daben ɗakinta, ta share shi tas. Ta jingina kwanon rufi guda a kan ragowar bulo, ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashi.

Daga barandar masallaci ina hango ta, don yanzu babu abin da ke tare ido. Kwana biyu bayan haka Zuhra ta zo da kular abinci. Babu bango ko ta ina, ta kowane gefe tana iya takawa ta shiga. Sai na ga ta zagaya ta bayan tarin bulo, ta zo daidai inda ƙofar take a da, ta cire takalmanta.

"Salamu alaikum."

Luba ta gyara mayafinta.

"Wa alaikumus salam. Shigo."