Haruffan Tukunyar Emilia

…kuma ai ba sata ba ce. Cokali ɗaya? Cokali ɗaya tak daga gindin tukunya, a kwalbar maganin tari — wannan ma a kira shi sata? Martins yana tsugune a lungun tsakar gida, doguwar takarda a hannu, 'yar tukunyar ruwan dawa a gabansa, rana na cin ƙeyarsa. Emilia ta tafi niƙa. Za ta dawo. Kullum tana dawowa, matsalar ke nan.

Wasa ne fa. Kirsimetin bara waccan, Scholastica 'yar ƙanwarsa ta zo hutu daga Ingila, inda take aikin leƙen ƙananan halittu, tana ta yabon injinan Turawa, shi kuwa bakinsa ba ya zama wuri ɗaya. Ya ce ta kai musu irin burukutun matarsa, in injin bai bugu ya taka rawa ba ta canza masa suna. Iri… ɗan ragowar nan da Emilia ke zubawa a sabuwar tukunya don ta tashi. Kakarta ta ba uwarta, uwarta ta ba ta, tun daga ƙauyensu na bayan Zangon Kataf. Namiji ba ya taɓawa. Ko kallon wajen ya yi, sai ya ji, Baban Zamani, me ka ajiye a nan?

Wa ya san yarinyar za ta ɗauka da gaske?

Ga ta ta dawo da jaka da tabarau. Wai akwai wani ɗan abu a cikin irin da ke aiki cikin zafi, lokacin da na Turawa ya riga ya sheƙa lahira. Wai za a nemi takardar mallaka a ofishinsu na can, har da sunan Anti Emilia a ciki. Da kyau. Madalla. Sai ta ce — a nan ne shayi ya sarƙe shi — sai ta ce dole a rubuta duka. Rubutun da Allah Ya yi a cikin abin, harafi bayan harafi, a jere, a buga, kowa ya karanta. Kawu, doka ce.

Doka! Ka faɗa wa duniya sirrinka, sannan duniya ta yarda naka ne? Wane mashayi ne ya zauna ya tsara wannan? A Kafanchan abin da ka faɗa a tashar jirgin ƙasa da safe, kafin la'asar wani na sayar da shi a Kachia.

Ya ba ta shawara mai kyau fa. A sauya harafi ɗaya. Ɗaya kawai, can tsakiya, inda idon Bature ya gaji. Haka ake yi! Da Emilia ta koya wa matar wansa dahuwa, ba ta rage abu ɗaya ba? Har yau burukutun matar nan sai ka toshe hanci. Wannan ba mugunta ba ce, tsari ne. Amma Scholastica — tabarau a ƙarshen hanci — wai in an sauya ɗaya, takardar za ta tsare wata halitta dabam wadda babu ita, ta Anti kuwa ta zauna tsirara. Wai kuma akwai faifan kwamfuta, shi da takarda dole bakinsu ya zo ɗaya. Shaidu biyu. Ko Fada na coci ba ya neman shaidu biyu a ɗakin ikirari…

Gobe Scholastica za ta hau jirgi. Yau dole a gaya wa Emilia. A gaya mata? Wa zai gaya mata? Scholastica ta ce, Kawu, kai ka ɗebo.

To shi ya sa tukunya. Gwaji. In sirrin yana cikin haruffan takardar nan ta Scholastica da gaske, a karanta su a kan ruwan dawa, zai yi kumfa. In ya yi kumfa, Martins ya mutu, a kira katikis ya yi addu'a. In bai yi ba — Maman Zamani, kwantar da hankalinki, rubutu ne kawai, ko akuya ba za ta bugu da shi ba.

A, T, G, G, C… haruffa huɗu ne kacal suke ta zagaye kamar 'yan kamasho. Shekarun kakar Emilia duka, haruffa huɗu? Ko sunansa ya fi su yawa. T, T, A, C… ruwan ko motsi. Wataƙila ba ya ji. Dawa ce, ba ta yi makaranta ba. A ɗaga murya. G! A! T! T! C! Ya miƙa hannu kan tukunyar yadda Fada ke yi — ji yake kamar uwar Emilia tana kallonsa daga hoton falo, bakin nan a tsuke, ranar ɗaurin aure ma haka ta kalle shi — C! C! G! A!

"Amin! Oga Martins, Ruhu ya sauka! Ci gaba!"

Ta bayan zana. Maƙwabciya Mama Ginikachi, matar direban jirgin ƙasa, shugabar mawaƙan sabon cocin nan mai addu'a da harsuna. Tun yaushe take…? Tana tafi. Ta sa wa haruffan murya. Matar da ko kuɗin tumatir ka faɗa sau biyu sai ta mai da shi amshi — ga ta tana rera layin farko daidai, ba ta zubar da ko ɗaya ba.

Jiya, a bakin ƙofa, yarinyar ta riƙe hannunsa: kafin a shigar da takardar kada kowa ya ji, Kawu, in ya fita ya zama na duniya, babu mai ba Anti komai.

Au. Wato a ɓoye tukuna, sannan a faɗa. Shi kuwa ya fara da faɗar… Amma layi nawa ya karanta? Waƙa ma faɗa ce? Turawa suna zuwa coci a Kafanchan? Ranar Lahadi mata arba'in da kacau-kacau…

Ƙofar langa-langa ta yi ƙara. Kwano ya sauka ƙasa. Emilia tana kwance gammo, tana gyaɗa kai, ta riga ta kama amshin — G, A, T, T, C — da muryar nan tata mai daɗi, tana tambayar iska wace sabuwar waƙa ce wannan.

Ya kamata ya miƙe. Ya tura takardar ƙarƙashin cinyarsa.