Teburin da Aka Ba Tsako

Shekara tara ina gyaran jirgin yaƙin da Tsako ke tuƙawa, kuma ban taɓa ganin matuƙin da ke gaida jirgi kafin ya gaida mutane ba sai shi. Sunan ya samo shi ne tun yana ƙaramin hafsa, lokacin da hular tuƙi ke neman haɗiye masa kai.

Bara matuƙanmu huɗu suka ajiye kaki suka koma kamfanonin jiragen fasinja. Cikin ƙwararru, Tsako kaɗai ya rage. Da Oganmu Kwamanda ya ji wani kamfani ya kira Tsako, sai ya aika a kira ni.

"Kai ka fi kowa saninsa. Me za mu ba shi ya zauna?"

"Ranka ya daɗe, ai ya riga ya ba su haƙuri. Ku dai ba shi mai da kayan gyara, ku bar shi ya tashi."

"Haka sauran ma suka ce," in ji Oga.

Manya ba sa yarda da magani mai arha. Wata uku Oga yana zarya hedkwata, yana roƙon a yi wa Tsako ƙarin girma kafin lokacinsa. Tsakani da Allah, da zuciya ɗaya ya yi.

Takarda ta iso, aka liƙa wa Tsako sabon anini, muka yi tafi. Sai dai a gidan soja, girma da teburi tare suke tafiya. Aka ba shi ofis a hawa na biyu, da kujera mai juyawa, da tagar da ke kallon wurin ajiye motoci. Tashi kuwa awa huɗu a wata, don kada hannu ya manta. Shi ke tsara jadawalin masu tashi, yana rubuta sunan kowa ban da nasa.

Wata biyu ya daure. Ran nan ya sauko rumfar jirage da ambulan a hannu, ya kasa haɗa ido da ni.

"Baba, na kira kamfanin nan. Nasu bas ce mai fiffike, na sani. Amma kullum tana tashi."

Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa wa zan zaga, sai na huce a kan spana.

Bayan Oga ya sa hannu a takardar ajiye aikin Tsako, ya sake kirana. Duk ya faɗa, har ya ba ni tausayi.

"Na yi masa komai, ka gani da idonka. To, cikin yaran nan wa ya fi iya tashi? Gara in fara nema masa ƙarin girma tun da wuri."

Akwai wata yarinya da hannunta ya kusa kamo na Tsako. Na gyara tsayuwa.

"Ranka ya daɗe, duk cikinsu babu na kirki."