Jirgin Haliru a Tafkin Shagari

Motar ta sake faɗawa rami, Rahamatu ta ɗaga jirgin saman da ta yi da kara bisa kanta don kada buhunan albasa su karya masa fiffike. Tun daga Boɗinga take riƙe da shi haka, kafaɗunta har sun yi tsami. An rufe makarantar da take koyarwa saboda bikin samun 'yancin kai, kowa ya nufi Sakkwato kallon fareti, ita kuwa ta nufi Shagari da jirgin kara da kuma wata takarda a ƙulle a bakin mayafinta.

Shekara goma sha biyu ke nan da mahaifinta Haliru ya dawo daga Kudu, inda ya yi leburanci a wani kamfanin katako. Aikinsa wanke jirgin kamfanin, mai kai wasiƙu da likita cikin ƙauyukan bakin ruwa. Ya ba da labari a ƙofar masallaci cewa jirgin yana tashi sama, ya sauka bisa ruwa, sannan ya fito da tayoyi daga haƙarƙarinsa ya hau tudu. Taubashinsa Ɗantani ya yi dariya har ya kwanta, ya raɗa masa suna Mai-Agwagwa. Wasa ne, amma sunan ya bi shi. Shekarar da Haliru ya ga watan azumi da idonsa, sai aka ce a jira wani ya gani tukuna.

Haliru bai yi gardama da kowa ba. Duk kaka sai ya zaɓi karan dawa ya gina jirgin, don ya aza shi a ruwa su gani. Amma lokacin da kara ke bushewa, tafkin garin ya ƙafe, kafin ruwa ya dawo kuma gara ta cinye jirgin. Haka shekara bayan shekara, har yanar ido ta rufe masa gani.

Bana Rahamatu ta adana nata karan cikin toka. Ta samu hoton irin jirgin a wata tsohuwar mujalla, ta auna shi da rula, ta ninka kowane awo sau huɗu. Wata biyu tana fere totuwar cikin karan tana ɗinke ta da ɓawon kara. Ta gwada shi a daro, ya zauna daram.

Bayan la'asar ta iso. Ba ta shiga gida ba, kai tsaye ta nufi gindin darbejiyar da dattawa ke zama, abin da mace ba ta yi. Ta durƙusa ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"A'a, Malama ta Boɗinga!" in ji Ɗantani. "Ke ma kin kama kiwon agwagwa?"

"Baffa, ga takarda. Ku duba, ku miƙa gaba."

Hoton ya zagaya hannu zuwa hannu. Ga jirgi zaune bisa ruwa, ga taya a maƙale a jikinsa. Ɗantani ya kai hoton kusa da hancinsa, ya nisanta shi.

Haliru yana can gefen tabarma, ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Rahamatu ta ɗora jirgin a cinyarsa. Yatsunsa suka bi ƙirjin jirgin, suka sami tayoyin, ya yi murmushi. Suka hau fiffike, suka iske inji guda ɗaya a tsakiya, bisa gadon baya. Sai suka tsaya.

"Ɗiyata, wanga ba shi ba ne."

"Shi ne, Baba. Ga hotonsa nan."

"Nawa inji biyu garai, ɗaya nan, ɗaya nan. Shekara ukku ina wanke su. Ko ni ka mancewa?"

Wani daga baya ya tuntsire da dariya. "To, ga ta nan! Takardar ɗiyarshi ma ta ƙaryata shi."

Rahamatu ba ta taɓa tambayarsa inji nawa ne ba. Ta ga hoto a mujalla, ta ɗauka duk jiragen iri ɗaya ne. Tana iya cewa tsufa ne, ya manta, dattawan kuma za su karɓa, su ce ai jirgin dai akwai shi. Ta dubi hannun mahaifinta, yana ta laluben wurin da inji na biyu ya kamata ya kasance.

Ta karɓi hoton daga hannun Ɗantani, ta ninke shi ta mayar bakin mayafi.

"Wannan wani jirgi ne daban. Na Baba inji biyu gare shi."

Ta ciro reza, ta cire injin da ta yi mako guda tana gyarawa. Ta raba totuwar biyu, ta tsinko ƙaya ta kafe kowane rabi inda yatsan Haliru ya nuna. Ta san ta ɓata awon da ta yi a daro. Ɗaya ɓarin ya fi ɗaya kauri, ba kuma sauran kara a hannunta.

"Yawwa," in ji Haliru. "Yanzu na gane shi. Ku kai ni tabki."

Tafkin yana cike da ruwan ƙarshen damina. Ɗantani ne ya ja masa sanda, yana mita cewa an sa tsoho wasan yara. Rahamatu ta tattare zani, ta shiga har gwiwa, ta aza jirgin a hankali ta janye hannu.

Ya zauna kamar numfashi uku. Sannan ya karkata hagu, fiffiken ya sha ruwa, ya kife. Tayoyin kara suka dubi sama.

"Ya zamna?" Haliru ya tambaya, fuskarsa tana kallon wani gefe daban. "Rahamatu, ya zamna?"

Ta dubi jirgin a kife. Ba ta taɓa yi masa ƙarya ba, a garin da kowa ya kira shi maƙaryaci. Mutumin da ya yi dariya ɗazu ya soma gyaran murya, sai Ɗantani ya juya ya harare shi.

"Ya zamna, Haliru," in ji Ɗantani, muryarsa a dishe. "Ga shi can yana tahiya abinai. Injin nan biyu su ka riƙe da shi."

"Na hwaɗa maka."

"Ka hwaɗi. Mu na ba mu jiya ba."

Haliru ya gyaɗa kai, ya ce a maishe shi gida, ya gaji. Dattawan suka bi bayansa.

Rahamatu ta tsamo jirgin. Totuwar ta sha ruwa ta kumbura, ɗinkin yana warwarewa a hannunta. Ta ɗaga kai ta dubi gonakin da ke hayin tafkin. Dawa ta fitar da kai, amma karan yana nan kore shar, sai nan da wata biyu zai bushe. Ta auna zurfin ruwan a gwiwarta, ta kuma dubi bayan mahaifinta yana tafiya a hankali, yana tsayawa yana tari. Sai ta cire injinan biyu, ta matse su, ta ƙulle a mayafi tare da hoton.