Ta Hujin Maɓalli

Ranar da aka biya ragowar bashin banki, Mama ce ta hana a gaya wa yara.

Mijinta ya dawo da rana tsaka, da garin fulawa har a gira, domin daga gidan burodin da yake aiki ya wuce banki kai tsaye. Ya same ta a lungun falo inda ta girke keken ɗinkinta, ya tsaya a kanta ya ce, “Maman Dogo, an gama.”

Ta ɗauke ƙafa daga kan keke. Ta daɗe tana shirya abin da za ta faɗa idan wannan rana ta zo, amma da ta zo sai kawai ta rufe fuska da rigar wata mata da take yi wa kalmasa, ta sha kukanta na daɗi har ta ƙoshi. Bashin mota ne. Sun ci shi don su sayi motar haya, motar ta kwanta tun ba ta mayar da rabin kuɗinta ba, aka sayar da ita kamar tsohon ƙarfe. Shi kuwa bashin ya zauna daram a gidan, ya ci da su ya sha da su shekara da shekaru.

“Yau sai kaza,” in ji Baban Dogo. “Yara su dawo daga makaranta mu gaya musu, kowa ya yi tsalle.”

“Ba kaza, ba tsalle,” in ji Mama tana share ido. “Kai ba ka san ɗanka ba? Dogo ya ji an gama, gobe zai ce waya, jibi ya ce babur. Mu ja bakinmu tukuna, mu ci gaba yadda muke, har mu tara ɗan abin da za mu jingina da shi. Ni dai ba zan ƙara shiga bankin nan da kai a ƙasa ba.”

Ya so ya yi gardama, amma ya san wadda ya aura. Ya kuma san da ba don ita ba, da har yanzu suna ciki.

Ai Mama a fagen tattali ba ta da na biyu. A gidanta ragowar sabulu ba ta mutuwa, manne ta ake yi a bayan sabuwa. Man goge baki idan ya ce ya ƙare, sai ta tsaga shi da almakashi ta nuna masa ƙarya yake yi. Duk wanda ya fita daga ɗaki ya bar fitila a kunne, zai ji sunansa tun bai kai ƙofar gida ba. Rigar Baba takan zama ta Dogo, daga nan ta zama tsumman goge ƙasa, amma kafin ta kai ƙasa sai an cire mata maɓallai ɗaya bayan ɗaya an zuba a wani tsohon gwangwanin madara. Mama ta san mazauna gwangwanin nan kamar yadda ta san maƙwabtanta, har da rigar da kowanne ya fito.

Kuma duk abin da wani ya nema a gidan, amsa ɗaya ce: sai an gama. Dogo ya sha wannan amsa har ta zame masa waƙa, amma bai taɓa fasa roƙo ba. Ƙanwarsa Auta kuwa, 'yar shekara goma sha ɗaya, tuni ta daina neman komai. Mama har alfahari take yi da hakan a gaban masu kawo ɗinki. “Wannan? Ko alawa ba ta taɓa ce min in saya mata ba. Yarinya ce mai hankalin manya.”

Haka aka yi watanni. Kuɗin da a da ake kai wa banki suka koma kwana a aljihun keke, ƙarƙashin zaruruwa, Mama kuma ta fara barci mai nauyi.

Wata Asabar da hantsi malamar ajin su Auta ta kawo siket a faɗaɗa mata, tana cewa wai wanki ne ya sa ya tsuke. Mama ta zagaya ta da tef ɗin awo, ba ta ce komai game da wankin ba. Har Malama ta ɗauki jaka za ta tafi, sai ta tsaya ta ciro wani abu ta ajiye a kan keke.

“Maman Auta, ban so in faɗa ba, don yarinyar ba ta da fitina. Amma wannan shi ne na uku da na ƙwace. Ina rubutu a allo, ita tana can tana wasa da maɓalli a ido. Karatunta kuma baya yake ta ja.”

Mama ta dubi maɓallin. Baƙi ne, babba, mai huji huɗu, na tsohuwar kwat ɗin Baban Dogo. Kunya ta fara kama ta, sannan haushi ya biyo baya. Ita da take yabon yarinyar nan a gaban mutane! Ta ba Malama haƙuri, ta raka ta har ƙofa da fara'ar dole, ta dawo ta ƙwala kira.

Auta ta fito daga kicin da kumfa a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa.

“Wa ya ba ki izinin sa hannu a gwangwanina?”

Auta ta saci kallon maɓallin da ke kan keke.

“Muna nan muna matse bakin aljihu don ki yi karatu, ke kina can kina wasan yara? Guda uku! Kin ɗauka daga sama suke faɗowa?”

Auta ta sunkuyar da kai tana goge hannu a zaninta. Mama ta yi faɗa har ta gaji, ba ta samu ko kalma ɗaya ba. Ta juya ga keke tana huci, sai ta tuna ba ta ɗora tukunya ba, ga shi uban gidan ya kusa dawowa. Agogon bango yana bayanta. Ba tare da ta waiwaya ba ta ce, “Duba min ƙarfe nawa.”

Amsar ta yi jinkiri, shi ya sa ta ɗago. Sai ta ga Auta ta rufe ido ɗaya, ta lanƙwasa ɗan yatsanta har ya bar wata 'yar ƙaramar kafa, ta kara a ɗaya idon tana leƙen agogon ta ciki.

“Me kike yi haka?”

Auta ta yi sauri ta ɓoye hannun a baya.

“Ba dukanki zan yi ba. Me kike yi?”

“In na leƙa ta ƙaramin huji nakan gani,” in ji ta, da ƙyar ake jin muryar. “Na maɓalli ya fi kyau. Da yatsa hannuna yana gajiya.”

“Idan ba ki leƙa ba fa?”

“Allon yana zama kamar an shafa masa ruwa.”

Mama ta ɗauki maɓallin ta kara a idonta. Ita ma kwanan nan sai ta miƙe hannu da tef ɗin awo kafin ta gane ƙananan lambobinsa, abin da ba ta gaya wa kowa ba. Ta leƙa ta huji ɗaya, sai ga lambobin sun fito tar. Ta tuna yadda yarinyar ke ƙanƙance ido in ana kiranta daga nesa, da yadda take wuce maƙwabta ba gaisuwa har ana cewa ta fara girman kai.

“Tun yaushe?”

“Tun bara.”

“Tun bara! Auta, me ya hana ki gaya min?”

“Wata 'yar ajinmu ta ce gilashin ido yana da tsada. Na ce bari in jira sai an gama.”

“Ai an gama!” Maganar ta kuɓuce wa Mama da ƙarfi. “An gama tun tuni!”

Auta ta ɗago kai ta dube ta. Babu fushi a fuskarta, mamaki ne zalla.

“Ba ku faɗa ba,” ta ce.

Mama ba ta taɓa jin magana ta soke ta haka ba. Ta yi wa Dogo dabara don kada ya buɗe baki, ashe wadda ta rufe nata ce ke biyan kuɗin dabarar. Abin da take kira hankalin manya, ashe yarinya ce ta koyi haɗiye damuwarta don ta tausaya wa iyayenta. Ta jawo ta jikinta, da kumfar da komai, ta rungume. Tukunya dai ranar ba ta hau wuta da wuri ba.

Da Baban Dogo ya dawo, ta tare shi tun a ƙofa ta gaya masa. Ya zauna a kan kujera bai cire takalmi ba, ya daɗe yana kallon 'yarsa. Yana da damar ya ce ai na faɗa miki, amma bai ce ba, kuma Mama ta riƙe masa wannan alheri a zuciya. Aka kira Dogo daga wajen ƙwallo, aka zaunar da su biyun, uban ya faɗa musu da bakinsa cewa babu sauran mai bin gidan nan ko sisi.

Dogo ya dafe kai. “Wato duk ranakun nan da nake wanka da sabulu mai hawa uku, a banza?”

“Sabulu mai hawa uku yana nan daram,” in ji Mama. “Fitila ma a ci gaba da kashewa. Ba arziki muka yi ba, bashi muka fita. Amma daga yau, wanda wani abu ke damunsa ya faɗa. In da hali a yi, in babu a ce masa babu, a gaya masa dalili.”

“To, ni waya ke damuna.”

“Babu. Dalili kuwa, ka ci jarrabawa tukuna.”

Kowa ya yi dariya, har da Auta. Amma Mama tana lura da ita. An zagayo kanta an ce ta faɗi nata, ta ce ita ba komai, gilashin ma ya isa. Uban ya lallaɓa, yayan ya tsokane ta, ta dai girgiza kai tana murmushi. Wannan murmushi ya fi komai damun Mama. Gilashi abu ne na kuɗi, kuma kuɗin suna nan a aljihun keke. Abin da ba ta sani ba shi ne ko bakin da ta rufe da hannunta zai ƙara buɗuwa.

Ranar Litinin suka je wurin likitan ido. Ya zaunar da Auta a gaban wani allo mai haruffa, manya a sama, ƙanana a ƙasa. Ta karanta na sama, daga nan ta fara kame-kame, Mama tana gefe tana murza bakin mayafi. Ya yi ta sauya mata gilasai a wani ƙarfe mai nauyi da ya ɗora mata a hanci, har aka kai inda ta sauko layi bayan layi ba tuntuɓe. Da aka zo zaɓen firam ɗin da za a sa gilashin a ciki, hannun Auta ya tafi kai tsaye ga mafi araha, wani mai kalar toka. Mama ta ga inda idonta ya fara sauka kafin hannun ya motsa, don haka ta ɗauko jan da ke kusa da shi. Ta yi ciniki, ba shakka, har mai shagon ya ce ko a kasuwar gwanjo bai taɓa gamuwa da irinta ba.

Bayan 'yan kwanaki suka koma karɓa. Auta ta saka, suka fito bakin titi, sai ta ja ta tsaya. Ta kalli bishiyar da ke tsallake ta ce ashe daga nan ma ana ganin ganye ɗaya-ɗaya. Ta karanta allon wani kanti, ta karanta lambar motar da ta wuce, ta karanta rubutun bayan rigar wani mai tura baro. Sannan ta ja da baya kaɗan ta ƙare wa uwarta kallo.

“Mama, ashe kin yi furfura a gaban goshi.”

“Ja'ira! Don wannan na biya kuɗi?” Ta gyara ɗankwali tana dariya.

Suka kama hanyar tashar bas a ƙafa, domin Mama ba ta ga dalilin hawa abin hawa zuwa wurin hawa abin hawa ba. Sun yi nisa kaɗan sai ta ji yarinyar ta rage sauri, ta kama gefen mayafinta kamar yadda take yi tana ƙarama.

“Mama.”

“Na'am.”

Auta ta buɗe baki ta rufe. Mama ta tsaya cak a tsakiyar masu wucewa, ba ta ce mata yi sauri ba.

“Takalmina yana matse ni. Lanƙwashe yatsuna nake yi.”

Mama ta durƙusa a nan gefen titi ta danna bakin takalmin da babban yatsa, ta ji yatsun a dunƙule a ciki. Hawaye suka cika mata ido, amma wani daɗi ne ya rufe ta, irin wanda ko ranar da aka gama da banki ba ta ji ba. Ta miƙe, ta juya wa tashar baya, ta kama hannun 'yarta suka nufi kasuwa.

“Ina jin ki,” ta ce. “Sai me kuma?”